Bargon da Na Cusa a Bangon Hajiya

Zangona na farko a New York bakin titi ne. Wata huɗu na yi a Canal Street ina tsaye kan ƙafafuna, ina sayar da jakunkuna da tabarau a shimfiɗar wata mata 'yar Maraɗi mai suna Rakiya. Ita ta koya mini naɗe kaya a zani cikin ƙiftawar ido, ita ta ba ni safar hannu ta farko da na taɓa sawa. Kuma da ita na fara faɗa a ƙasar nan. Ta ce ina yi wa masu saye magana kamar mai korar awaki, ni kuma na ce mata ai ba ita ta haife ni ba. Na tuɓe safar na ajiye mata a kan jakunkuna na yi tafiyata. Halina ke nan tun a Funtuwa, bakina yakan riga hankalina fita.

Zango na biyu Parkchester ne, a kan kujerar falon wata 'yar garinmu da ke auren ma'aikacin asibiti. Mutanen kirki ne, amma kujera ba ɗaki ba ce. Sai kowa ya gama kallo sannan in miƙe ƙafa, kafin yara su tashi na naɗe shimfiɗa. A nan na yi karatun kula da tsofaffi. A nan kuma na saba ganin ɗumi yana fitowa daga wasu ƙarafa a jikin bango, ban taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba. Na ɗauka haka gidajen Amurka suke, kamar yadda rijiya take da ruwa.

Zango na uku shi ne labarin. Hajiya Memuna 'yar Kumasi ce, tana da shagon kayan miya da gida mai hawa biyu a University Heights. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin zuwana. Ta ɗauke ni in kula da mahaifiyarta, Mma Adiza, tsohuwa mai ciwon ƙirji da tsokana. Tun ranar farko Mma ta raɗa mini suna ƙawata, ta ce Hausata ta 'yan Nijeriya gudu take yi kamar ana binta. Tare da aikin aka ba ni ɗaki a ƙarƙashin gida, abin da suke kira besmen. Ba faɗi, ba taga ta kirki, amma akwai ƙofa da makulli. Ranar da na juya makullin nan sai da na zauna a katifa na yi kuka, ni da ban yi ba a filin jirgi.

Bangon katako ne ya raba ni da maƙwabciyata, wato boila. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce da ta girme ni nesa ba kusa ba. Wutar gas tana ci a ƙarƙashinta, ruwan ciki ya tafasa, tururin ya bi bututu ya hau sama zuwa ƙarafan da ke kowane ɗaki. Marigayi Alhaji, mijin Hajiya, shi ne mai kula da ita. Tun da ya rasu ba wanda ya ƙara waiwayarta, sai dai Hajiya ta cika gefenta da manyan durom-durom na roba masu launin shuɗi. Duk ɗan Afirka ta Yamma a Bronx ya san durom ɗin nan. Shekara guda ana zuba masa shinkafa, man girki, sabulu da takalman yara, in ya cika a ɗaure a tura gida ta jirgin ruwa.

Da sanyi ya kama sosai, sai na lura wata iska tana bi ta ƙasan katakon tana dukan katifata. Na shiga ɗakin boila neman inda take fitowa. Can ƙasa a jikin bangon waje na ga wata 'yar taga ba gilashi, sai ƙarafa a jere kamar haƙarƙari, iska tana kwararowa ta ciki. Na tsaya ina mamakin maginin da ya bar rami a gida a ƙasa irin wannan. A gidanmu ko ramin ɓera aka gani lokacin sanyi, tsumma ake cusawa. Na samo wani tsohon bargo a cikin tarkace na cusa shi tam, na gangaro da durom ɗaya na jingine a gaba don kada ya faɗo. Ƙasan ƙofar ma na jera mata tsummoki. Na karkaɗe hannu ina yaba wa kaina. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina ba wani abin faɗa ba ne.

Bayan kamar mako biyu na fara tashi da ciwon kai. In na hau sama na kama aiki sai ya sake ni. Na ce tunanin gida ne, ko kuwa zazzaɓin Funtuwa ne ya biyo ni. A daidai lokacin kuma boila ta fara mutuwa da kanta. Hajiya ta nuna mini wani ɗan jan maɓalli da ta taɓa ganin Alhaji yana dannawa. In na danna sai wuta ta kama. Da farko sau ɗaya a rana, sannan sau uku, har na zama kamar mai gadin maɓalli. Ranar wata Lahadi na danna har yatsana ya yi ja, shiru.

Litinin nas ɗin da ke zuwa duba Mma ta iso. Ba ta cire rigar sanyinta ba. Ta tarar da Mma cikin barguna uku tana tari, da ɗan abin ɗumi na lantarki da Hajiya ta sayo, wanda bai wuce ya gasa wa mutum ƙwauri ba. Ta dubi ma'aunin zafi na bango, ta saurari ƙirjin Mma, ta yi rubutu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta ce za ta dawo ranar Juma'a, in ta tarar da gidan haka dole ta rubuta cewa bai dace da mai irin wannan ciwo ba, a kai Mma gidan kula da tsofaffi.

Mma ba ta jin Turanci amma tana jin fuska. Da nas ta fita ta kama hannuna da yatsunta masu sanyi.

"Ƙawata, kar ki bari su kai ni inda zan nemi ruwa ba mai jin abin da na ce."

Na ce mata ba inda za ta. Na faɗa da ƙarfi, irin ƙarfin wanda bai san yadda zai yi ba. Kuma ba zan yi ƙarya ba, ba ita kaɗai nake tunani ba. In Mma ta tafi aikina ya tafi, makullina ya bi shi, sai kujerar Parkchester in ma har yanzu ba kowa a kanta.

Talata Hajiya ta kira lambar da ke jikin wata takardar tallan masu gyaran boila da aka manna mana a ƙofa. Mutumin ya zo da farar mota, takalminsa fes, har da ledar da ya sa a kai don kada ya ɓata mana daɓe. Wannan ledar ta saye Hajiya. Ya sauka ƙasa, ya haska fitila, ya shafo baƙin hayaƙi da yatsa ya nuna mana, ya ɗauki hoto. Duka bai kai minti biyar ba. Ya ce boila ta mutu, sai sabuwa, kuma in aka sa hannu yau akwai rangwame. Kuɗin da ya ambata zai iya tayar da gini a garinmu. Na tambaye shi mene ne takamaimai ya lalace. Ya ce komai, ta tsufa. Na ce likitan da ya ce komai na jikinka ya lalace bai duba ka ba ne. Hajiya ta mintsine ni a cinya. Sai na tambaye shi abin da ya fi damuna, yaushe za a sa sabuwar. Ya ce da takardu da komai, kwana goma in an yi sa'a.

Kwana goma. Mu kuwa kwana uku muke da su.

Laraba muka wuni muna ja-in-ja. Hajiya ta gaji, ta ce sabo sabo ne, ita ba ta son abin da za a gyara yau ya mutu jibi, kuma mutumin ya yi kama da wanda ya san aikinsa paa, wato sosai a bakin 'yan Kumasi. Ta ce ko an kai Mma can, in an gama sai a dawo da ita. Na ce wa ta taɓa gani an kai an dawo da shi. Na ce mutumin ɓarawo ne mai tsabta. Na ce ita ma da laifinta, shekara biyu ba ta kira kowa ya duba tukunyar ba, ta mai da wurin sito. Duk na faɗa, a cikin gidanta, ina cin abincinta. Ta dube ni ta ce in ina da wanda ya fi shi in kawo, ta ba ni zuwa gobe da azahar, in ba haka ba za ta sa hannu.

Mutum ɗaya na sani. Mijin Rakiya, Malam Isufu, kula da boila ne aikinsa a wasu manyan gidaje shekara da shekaru. Na riƙe waya na fi minti ashirin ina zagaye kicin kafin na kira. Rakiya ta bar ni na yi gaisuwa har ta ƙare mini, na tambayi yara, na tambayi kasuwa, na koma na sake tambayar yara. Sannan ta ce, "Wa ke magana? Ko wadda ba ni na haife ta ba?" Na haɗiye. Na ba ta haƙuri na faɗi abin da ya kawo ni. Da ta ji akwai tsohuwa a gidan sai ta daina wasa, na ji tana ƙwala wa mijinta kira.

Alhamis da hantsi ya zo, gajeren mutum mai furfura a gemu, da jaka da ta sha duniya. Bai sa leda a takalmi ba. Ya hau ya gaida Mma tukuna, ya durƙusa, suka yi ta gaisuwa ina tsaye ina ji kamar in ja shi da hannu. Da muka sauka ƙasa ma bai taɓa komai ba, tambayoyi ya fara. Yaushe ta fara? Ruwan da ke cikin 'yar kwalbar da ke gefenta yana raguwa kullum? An taɓa ganin jiƙa a ƙasa? An canja wani abu a ɗakin nan kwanan nan? Hajiya ta ce ba a canja komai ba. Ni ma na ce ba a canja ba, kuma har ga Allah a lokacin ban tuna da bargo ba. Sai ya tambaya ko akwai mai ciwon kai a gidan. Na ce ni, amma wannan ba matsalar boila ba ce, ya duba abin da aka kira shi dominsa. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya tambayi inda nake kwana. Na nuna masa katakon.

Ya ciro wata 'yar na'ura ya rataya a wuya, ya buɗe murfin ƙasa, ya taɓa wasu wayoyi, wuta ta kama. Ya ce mu duba. Wutar rawaya ce, tana lilo, tana leƙowa waje kamar mai neman hanya. Ya ce kamata ya yi ta zama shuɗiya, a tsaye. Bai rufe baki ba na'urar wuyansa ta fara ƙara. Nan take ya kashe gas, ya buɗe ƙofar baya, ya ce mu fita tsakar gida. Muna tsaye cikin ƙanƙara ya yi mana bayani. In wuta ba ta ci daidai ba takan fitar da wata iska mai guba, ba wari ba launi, mutum yana barci ta tafi da shi. Jan maɓallin da nake dannawa mai gadi ne, shi ke kashe wutar in ta fara fitowa waje. Wato duk sanda ya cece ni, sai in je in danne shi.

Ya tambayi Hajiya ina na'urar da ke ƙara in irin wannan iska ta taru. Hajiya ta sunkuyar da kai. Ta ce ta cire mata batir tun bara, don duk sanda ta sa turaren wuta sai ta cika unguwa da ihu. Malam Isufu ya ce, "Hajiya, don Allah." Wannan don Allah ta fi zagi.

Da iska ta wanke wurin muka koma. Ya tsaya yana bin bango da ido. Ya ce kowace tukunya irin wannan tana da inda take shan iska daga waje, shi bai ga na wannan ba. Ya juyo gare ni.

"Kin taɓa girki da itace?"

Na ce tun ina shekara tara.

"To in kika toshe bakin murhu fa?"

"Hayaƙi," na ce. Kalmar tana fita na tuna da bargon.

Ya riga ya kama durom yana ja. Hajiya ta fara cewa lalle masu sauke mata kaya ne suka tura shi nan, mutanen nan ba su da hankali ko kaɗan. Na ga hanya a buɗe. In na yi shiru, da su za a bar maganar, su da ba sa nan. Ni da na wuni jiya ina rarraba wa mutane laifi, yanzu bakin nawa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Durom ya matsa, ga bargo a cushe, gefensa ya yi baƙi.

"Ni ce," na ce. "Ni na cusa. Ni na tura durom ɗin. Sanyi nake ji."

Malam Isufu ya zare bargon, iska ta bugo ta daki idon sawunmu. Hajiya ta juya ta hau sama.

Sauran yinin ni ce mai riƙe masa fitila. Ya ce kafin a yi maganar gyara sai an san ko ta cancanci gyara. Ya cika tukunyar da ruwa har wuya, muka zauna muna jira mu ga ko za ta ɗiga. Rabin sa'ar nan ta fi mini wata huɗun Canal Street tsawo. Kowane minti ina leƙa ƙasa, yana ce mini in zauna, kallo ba ya hana tsaga. Ya ce in cikinta ya tsage, ko tana shan ruwa kullum ba a san inda yake zuwa ba, to ba gyara, ko ƙaninsa ne mai gidan zai ce ya sayi sabuwa. Ƙasa ta tsaya a bushe. Ya hau ya duba bututun hayaƙi, ya dawo ya kwashe baƙin da ya toshe cikinta, ya cika leda biyu. Ya fita ya sayo sabon mai gadi a madadin wanda na kashe da danni, da batiran na'urar nan ta Hajiya. Wajen la'asar ya kunna. Wutar ta tashi shuɗiya, a jere, ba lilo. Ya bar na'urarsa a wurin tsawon lokaci, ba ta yi ƙara ba. Can sai muka ji ƙarafan sama sun fara ƙwanƙwasa, muka ji muryar Mma tana cewa ga baƙi sun dawo.

Ya kira Hajiya ya gaya mata gaskiya. Mai farar mota bai yi ƙarya ba da ya ce ta tsufa, ƙaryarsa cewa ta mutu. Za ta fitar da mu wannan sanyin, wataƙila da na gaba. Amma Hajiya ta fara shiri, in zafi ya shigo ta kira mutum uku su duba, ta zaɓa a tsanake, don mai rawar sanyi ba ya ciniki. Durom-durom kuma su bar ɗakin yau. Sannan ya nuna katakon ɗakina ya ce ko da tukunya sabuwa, shi ba zai bar 'yarsa ta kwana nan ba.

Na ce a raina shi ke nan, an ceci Mma, ni na tafi. Yana haɗa jakarsa sai ya laluba aljihu ya miƙo mini wani abu. Safar hannun nan ce. Ya ce madam, wato Rakiya, ta ce na manta da ita.

Na hau sama na tarar da Hajiya a kicin tana yanka albasa. Na fara ba da haƙuri, na ce zan tattara kayana. Ba ta juyo ba.

"Ke kin san abin da ya hau da ni sama ɗazu? Ba tukunya ba ce. Da na sauko wata safiya na tarar da ke a katifar nan ba rai, me zan gaya wa uwarki? Ni da ban san ko muryarta ba."

Na ce albasa ce ta sa ni hawaye. Ta ce ita ma. Daga ɗaki Mma ta ɗaga murya ta ce a daina ɓata mata lokaci, a kawo katifar ƙawarta nan gefen gadonta, da ma tana neman wanda za ta riƙa tsokana da asuba. Ta ƙara da cewa mai toshe hancin tukunya, a sa mata ido kada ta toshe nata.

Juma'a nas ta zo. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon hannunta, ba fuskarta ba. Ta ajiye jaka, ta dubi ma'aunin bango, ta kai hannu ta zuge rigar sanyinta ta rataye a kujera. Ban ji sauran abin da ta ce ba.

Makullin ɗakin ƙasa yana nan a jakata, ko da yake yanzu durom-durom ne ke kwana a ciki. Ni kuwa ina gefen gadon Mma, tana minshari tana cewa ni ce. Hajiya ta fara tambayar mutane game da sabuwar tukunya, ta ce in lokaci ya yi ni zan yi musu tambayoyi tunda bakina ba ya gajiya. Kowace safiya kafin in ɗora ruwan kokon Mma nakan sauka ƙasa. In leƙa wutar in ga shuɗiya ce, sannan in je in tsaya a gaban 'yar tagar nan da silifas. Sai na ji sanyin New York ya daki ƙafata sosai, sannan hankalina yake kwanciya.